Ajin sababbin iyaye: huɗu cikin biyar na ba shi, amma ba kowane gida zai yi wa amfani ba

Asibitin da muke kai 'yarmu awo da allura yana da wani aji da ake yi wa ma'auratan da suka samu haihuwar fari. Ba ajin shayarwa ba ne, ba kuma na wankan jariri ba, waɗannan akwai su daban. Wannan na zaman miji da mata ne bayan haihuwa, kuma a jikin takardar gayyatar an rubuta manufarsa ƙarara: a hana cin zarafi a cikin gida tun kafin ya fara. Ni da maigidana mun shiga mun kai ƙarshe, kuma tunda mata suna ta tambayata ko ya kai a sha wahalar fita da ɗanyen goyo dominsa, gara in rubuta kowa ya karanta. Ya kai. Maki huɗu cikin biyar na ba shi. Sai dai ɗayan da na riƙe yana da nauyi, kuma akwai matar da zan ce mata kada ta soma kai mijinta wannan aji.

Tsarinsa ba shi da wuya. Zama huɗu ne, ɗaya a mako, kowanne awa biyu, da yammacin ranar da yawancin mutane ba sa zuwa aiki. Masu koyarwar biyu ne: wata ungozoma da ta kwana biyu a aikin, furfura ta fara leƙo mata, da wani jami'in jin daɗin jama'a, magidanci mai 'ya'ya. Kujeru a zagaye suke, babu allo, babu mai tsayawa a gaba. Da jariranmu muke zuwa, wannan na kuka, waccan na tsotso, wani uba na zagaye ɗaki da nasa a kafaɗa. Na ji daɗin hakan. Da an ce a bar yara a gida, da rabinmu ba mu zo ba.

Abin da ya kusa kashe ajin tun ba a fara ba shi ne takardar gayyatar. Da na miƙa wa maigida ya karanta ya kai kan maganar cin zarafi, sai ya ajiye ta ya ce, "To ni dukanki nake yi da za a kai ni a yi mini wa'azi?" Bayan mun saba da sauran matan, kusan kowacce ta ce irin amsar da ta samu ke nan. Namijin da bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba sai ya ji an zarge shi, wanda yake ɗagawa kuwa dama ba zuwa zai yi ba. Ban ce su ɓoye manufarsu ba. Amma da sun sa abin da ake tattaunawa a gaba, wato barci da kuka da kuɗi da rabon aiki, da mazan sun fi haka yawa. Ni abin da ya fito mini da nawa daga gida shi ne na ce masa za a koyar da yadda ake lallashin jaririn da ya ƙi yin shiru, a lokacin kuwa kukan dare ya ishe mu.

Jami'in ya san da wannan ƙorafi, don da shi ya buɗe taro. Ya ce, "Malamai, ku saki jiki, babu wanda aka kira nan don an kawo ƙararsa." Sannan ya faɗi dalilin da ya sa masu sabuwar haihuwa aka zaɓa. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kashi 27 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa zama da namiji sun sha duka ko tilas a shimfiɗa daga hannun abokin zaman nasu. Juna biyu ma ba ya kare mace. A wani bincike da hukumar ta yi a ƙasashe goma ta wallafa a 2005, a yawancin wuraren da aka duba, kashi 4 zuwa 12 na matan da suka taɓa yin ciki an doke su suna ɗauke da shi. Ungozomar ta karɓe ta ce ita ba sai an karanta mata takarda ba, ta gani da idonta a ɗakin awo. Haihuwar fari, in ji ta, ita ke sake raba komai a gida: wa zai fita nema, wa zai zauna, kuɗin wa ake ci, wa zai tashi da dare. Rabon da aka yi a watannin nan, da baki aka yi shi ko da shiru, a kansa ake tafiya shekara da shekaru. Kuma shi ne lokacin da mace ta fi dogara da mijinta, jiki bai koma ba, kuɗin hannunta sun ja baya, fita ta yi wuya.

Zaman farko ya fi kowanne, kuma da takarda ɗaya tak aka yi shi. An ba kowa tasa mai layi 24, aka raba miji da mata wurin zama, aka ce kowa ya rubuta abin da ya yi jiya awa bayan awa, daga asuba zuwa asuba. Ni akanta ce, aikina ke nan bin sawun abin da ya shiga da abin da ya fita, don haka na ɗauki abin da gaske, har minti na riƙa sawa. Da aka gama aka ce a yi musaya. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, can sai dariya ta fara tashi daga ɓangaren mata.

Wani bawan Allah, tun kafin a raba takardun, ya riga ya sanar da mu cewa tasa matar ba ta aiki, tana gida tun da ta haihu. Ungozomar ba ta yi masa musu ba. Sai da takardar matar ta zo hannunsa ta ce, "Malam, karanto mana daga sha biyun dare." Ya fara: shayarwa, canjin ƙunzugu, jijjiga, shayarwa, wankin abin da yaro ya ɓata, shayarwa. Ta ce sabon jariri yana neman nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. A ɗauka sau goma ne, rabin awa rabin awa, an samu awa biyar ke nan kafin a ɗora tukunya ko a taɓa tsintsiya. Ta ce ya nuna mata inda matar ta yi barcin awa uku a jere. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu. Ba ta ƙara masa ko kalma ba, ta wuce kan na gaba, kuma a ganina wannan shirun nata ya fi duk wani dogon bayani da aka yi a ajin tasiri. Jami'in ne ya biyo da alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018: a matsakaici mace tana kashe awa 4 da minti 25 kullum a aikin gida da kula da iyali wanda ba a biya, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Wannan na duniya ne baki ɗaya, har da gidajen da babu jariri.

Abin da ya sa na yarda da darasin shi ne ba don a kunyata maza aka yi shi ba. Maigidana gyaran wutar lantarki ne sana'arsa, kuma takardarsa ta nuna aikin dare da ya ƙara a kan na rana tun da kuɗin da nake kawowa suka ragu. A layin ƙarfe uku na dare ya rubuta "a farke, lissafi". Ungozomar ta sa an karanta irin waɗannan ma, da murya ɗaya da ta karanta na matan. Amma ta nuna wani bambanci da ban taɓa jin an faɗe shi a fili ba. A takardun maza akwai layin da aiki ya ƙare, a zauna da abokai, ko a kalli ƙwallo, ko a riƙe waya. A na mata babu inda aka tashi daga aiki. Bayan wannan kuma akwai aikin da ba ya shiga kowane layi, na riƙe abu a ka: ranar allura ta gaba, maganin da ya kusa ƙarewa, kayan da suka yi wa yarinya kaɗan. Aka ce kowane gida ya zaɓi biyu daga irin waɗannan su koma hannun uba ɗungurungum, da tunawar da aikatawar, ba sai an ce masa "kar ka manta" ba. Mu katin allura da sayen magani muka zaɓa. Har yau suna hannunsa, ranar allura ma shi ke tashina.

Zama na biyu na kuka da barci ne, abin da ya jawo mazan tun farko. Bayanin ungozomar ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Kukan jariri yana ƙaruwa daga wajen mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida zuwa na takwas, ya lafa wajen wata uku zuwa huɗu, kuma ya fi yawa da yamma. Wani kukan ba shi da dalilin da za a gano. An shayar, an canza, an duba zafin jiki, yaro lafiyarsa lau, amma sai ya yi abinsa. Ta ce a wannan gaɓar ce ake samun iyayen da ke girgiza jariri don ya yi shiru, alhali wuyansa bai iya riƙe kansa ba, ƙwaƙwalwa ta bugu da ƙoƙon kai, a samu zubar jini, ko makanta, ko mutuwa. Ta kawo 'yar tsana ta nuna mana, abin 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Umarninta gajere ne: idan tura ta kai bango, a kwantar da yaro a rigingine a gadonsa, a fita a ja ƙofa na minti goma, a dawo bayan an huce.

A nan ne wani ya ce ai gajiyar ce ke fitar da mutum daga hayyacinsa har hannu ya kuɓuce masa a kan matarsa. Wasu mazan suka gyaɗa kai. Na zuba ido in ga ko jami'in zai bar maganar ta wuce don a zauna lafiya, bai bari ba. Ya ce, "Malam, da gajiyar nan kake zuwa wurin aiki, ogan naka ya gaya maka maganar da ta fi ta madam zafi. Ka taɓa marinsa?" Ya ce gajiya da rashin kuɗi da rashin barci duk suna ƙara matsi, babu musu, kuma kowa a ɗakin nan a gajiye yake. Amma wanda ya san wa zai daka, ya san ya jira sai babu mai gani, to a cikin hayyacinsa yake. Tushen abin, in ji shi, shi ne mutum ya yarda a ransa cewa yana da ikon hukunta matarsa idan ba ta bi yadda yake so ba. Da macen ce ta faɗi haka, da sun ce ɓangaren mata ta ɗauka. Don wannan kaɗai ma ya kamata a samu namiji cikin masu koyarwa.

An taɓo damuwar bayan haihuwa, amma a gurguje. Yawan kuka da sauyin rai na kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, mace ta daina jin daɗin komai, ta kasa barci ko da yaro ya yi, ciwo ne mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, yawanci irin wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa kashi 20. Iyaye maza ma ba su tsira ba: wani nazari da ya tattara bincike da dama, aka wallafa shi a 2010 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, ya samu kusan uba ɗaya cikin goma. A namiji sau da yawa da saurin fushi da daɗewa a waje abin yake fitowa. Bayan duk wannan bayani, sai aka raba takardar tambayoyi goma ta Edinburgh, wadda ake gwada damuwar masu jego da ita, mu mata kaɗai. Mazan da aka gama gaya wa su ma abin yana kama su, babu wanda ya ce musu ga inda za su je.

Zama na uku na faɗa ne, kuma a nan na samu abin yabo da abin dariya. An jingina shi da aikin John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata ke gardama. Shi da abokan aikinsa sun samu cewa kusan biyu cikin uku na ma'aurata daɗin zamansu yana raguwa a shekaru ukun farko bayan haihuwa. Jin wannan kaɗai ya sauke wa mutane nauyi, don kowa yana zaton gidansa ne kawai ya canza. Abubuwa huɗu ya ce suna cinye aure: sukar halin mutum maimakon abin da ya aikata, raini, kare kai, da yin gum. A cikinsu raini ne ya fi nuna auren da ba zai kai labari ba. Ungozomar, wadda da alama ta iya wasan kwaikwayo, ta miƙe ta nuna mana rainin: tsaki, harara, murguɗa baki, "kai har kana da bakin magana?", "ke me kika iya ban da barci?" Babu wanda ya kalli na kusa da shi. Ta ce zo mu zauna zo mu saɓa ne, ba saɓanin ta zo hanawa ba. Abin da take so shi ne a gama faɗan kowa da mutuncinsa, kuma babu wanda ya ji tsoro.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce ta dakatawa. Idan rai ya ɓaci har zuciya na bugawa da sauri, kunne ba ya jin komai, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti ashirin kafin ya sauko. Sai a tsaya. Amma sun ja layi tsakanin wannan da gaba. Mai fita zai ce zai dawo kan maganar, ya faɗi lokaci, ya kuma dawo ɗin. Ba ya buga ƙofa, ba ya tafiya da makulli ko wayar ɗayan. Wanda aka bari ba ya tare hanya, ba ya bin sa da magana har waje. Kwana uku ba a gaisawa hukunci ne, kuma sun kira shi da sunansa.

Abin dariyar shi ne jimlolin da aka buga mana a takarda mu riƙa amfani da su: "Ina jin baƙin ciki a duk lokacin da ka bar kwanuka ba a wanke ba, kuma ina buƙatar goyon bayanka." Wa ke magana haka da ƙarfe biyun dare da yaro na tsala ihu? Maigidana ya karanta tasa da muryar mai karanta labarai, ɗaki ya kwashe da dariya har da ungozomar. Manufar daidai take, wato a faɗi abin da aka yi, a faɗi abin da ake so, a bar "kullum" da "ba ka taɓa". Da dai sun bar kowane gida ya nemo nasa kalmomin.

A rabi na biyu na wannan zaman an raba mu, mata da ungozoma, maza da jami'in. A namu ɗakin aka yi maganar da ba a yi a gaban maza. Jikin mai jego yana buƙatar lokaci, likitoci sukan ce a jira mako huɗu zuwa shida, mai ɗinki ta fi haka jin jiki, kuma shayarwa tana rage wani sinadari a jiki har kusantar ta zo da zafi. Ta ce cikar kwanakin ba ita ce yardar mace ba, yarda daga bakinta take fitowa. Daga nan ta karanto wasu tambayoyi ta ce kowa ta amsa a ranta. Sai kin roƙa kafin ki sayi abin da yaro ke buƙata? Ana binciken wayarki? Ana hana ki zuwa asibiti ko wurin 'yan'uwanki? Sai kin auna fuskarsa kafin ki buɗe baki? Ta ce duka ba ya faɗowa daga sama, yawanci irin wannan matsin ne ke share masa hanya, har Ingila da Wales sun mayar da shi laifi a doka tun 2015 ko da ba a taɓa jikin mace ba. Mazan kuwa, in ji maigida, tambaya ɗaya aka yi musu: me ka gani a wurin mahaifinka da kake son ɗanka ya gani a wurinka, me kuma ba ka so? Ya ce awa ɗaya ba ta ishe su ba.

Zama na huɗu bai yi armashi ba. An cusa kuɗi, komawa aiki, da dangi duk a awa biyu. Surukai da masu zuwa da shawara kwata ɗaya suka samu, alhali a gidaje da yawa murya ta uku ce ke kunna faɗan: uwar miji ta ce kaza, uwar mata ta ce kaza, a bar su biyun suna cizon juna. Abin da aka ce kawai shi ne kowa ya yi magana da nasa dangin, kada ya tura ɗayan. Shawara ce mai kyau, amma maganar ta cancanci zama guda.

Halin aikina ne ban yarda da abu ba sai na ga lissafinsa, don haka na je na duba ko irin wannan aji yana rage duka da gaske. Hujja mafi ƙarfi da na samu daga Ruwanda take. Wani shiri mai suna Bandebereho ya tara matasan iyaye maza zama 15, matansu suna shiga kusan rabin zaman. An gwada shi a kan ma'aurata 1,199, wasu suka shiga wasu ba su shiga ba, aka wallafa sakamakon a 2018 a mujallar PLOS ONE. Bayan wata 21, kashi 33 cikin 100 na matan waɗanda suka shiga ne suka ce an doke su a shekarar da ta gabata, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 57. Dukan yara ma ya ragu. Bambancin ba ƙarami ba ne. Amma a lura da abu biyu: kashi 33 ɗin ma mace ɗaya ce cikin uku, kuma duk da mazan sun ƙara sa hannu a aikin gida, awannin matan ba su ragu ba. Akwai gajeru irin namu, kamar Baby Makes 3 na jihar Victoria a Ostareliya mai zama uku, wanda shi ma ta hanyar asibitocin mata da yara ake kai shi ga iyaye. Zama huɗu ba 15 ba ne, don haka ba zan ɗora wa ajinmu alƙaluman Ruwanda ba. Abin da zan iya shaida shi ne na gidana. Mun raba dare biyu, muna zama kan kuɗi sau ɗaya a mako, faɗa kuma muna yi har gobe, sai dai ya fi gajarta, kuma tsaki ya ragu daga ɓangarorin biyu.

Ajin nan allurar rigakafi ce, mai lafiya ake yi wa. Wadda cutar ta riga ta shiga gidanta magani take buƙata, a wani ɗaki daban. Matar da ke tsoron mijinta, idan aka zaunar da ita kusa da shi aka ce ta faɗi abin da ke damunta a gaban mutane, a gida za ta biya. Darasin "kowa ya duba nasa laifin", wanda ya dace da mu, a hannun mai duka makami ne, don zai ce ai an faɗa, ita ma da nata. Ita kuma sai ta koma tana zaton idan ta ƙara tausasa murya dukan zai tsaya. A nan asibitin ya yi abin a yaba. Kafin a sa sunan kowane gida, ungozomar tana ganin matar ita kaɗai a lokacin awon yaro, ta tambaye ta kai tsaye ko tana jin tsoronsa. Wadda ta amsa da e, ba a gayyatar mijinta, hanyar samun taimako ake nuna mata a ɓoye. Ta kuma gaya mana wani abu da ta ce mu isar wa duk wadda muka sani: namijin da ya taɓa shaƙe wuyan matarsa, ko sau ɗaya ne, ko babu tabo, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau bakwai, kamar yadda wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2008 ya nuna. Wannan ba maganar aji ba ce, maganar neman mafaka ce.

Tacewar dai ba ta kama kowa. Akwai wasu ma'aurata a rukuninmu da mijin ne ke amsa duk tambayar da aka yi wa matar, ita kuma sai ta kalle shi kafin ta yi ko murmushi. Bayan zama na biyu ba su ƙara zuwa ba. Na tambayi ungozomar ko an bi sawu, ta ce, "Maman yarinya, ba na kai maganar wani gida wani gida." Ban samu amsa ba, amma na ƙara amincewa da ita.

Maki ɗayan da na riƙe na abu biyu ne. Ajin ya makara. Muna zuwa ne bayan an riga an haihu, an riga an yi rabon dare, an riga an faɗi maganganun da ba sa goguwa. Da zama biyu an yi su tun ana da juna biyu, lokacin da mutum ke da barci da kunnen saurare. Sannan da an gama shi ke nan, babu mai waiwayarku. Na ba da shawara a ƙara zama ɗaya a lokacin da uwa ke komawa aiki, don a nan ne duk rabon da aka yi yake warwarewa. Jami'in ya ce sun sani, amma su biyu ne kawai, kuma a kan aikinsu na kullum suke ɗora wannan. Mu da wasu gidaje muka shirya mu riƙa haɗa ranar allurar yaranmu don mu ga juna.

Wadda take son shiga irin wannan aji, a duk inda take, ta yi rajista tun cikin bai tsufa ba idan suna karɓa, ta kuma yi tambaya biyu kafin a rubuta sunansu: akwai namiji cikin masu koyarwa, kuma ana ganin mace ita kaɗai kafin a gayyaci mijinta? Idan amsar ta biyun a'a ce, ta nemi wani wurin.